Haɗarin Da Ke Cikin Ciyar Da Kare Da Ragowar Abinci

A yawancin gidajen ma'aikata a Kaduna da Zariya da Jos da sauran manyan garuruwa, inda ake ajiye kare domin gadi, akwai wata al'ada da ta zama jiki. Da zarar an gama cin abincin dare, sai a sa yaro ya tattara kwanuka, ya kankare suɗin tuwo da miya, ya haɗa da ƙasusuwan kaza da ƙanzon tukunya, ya juye su cikin wani tsohon kasko a bayan madafa. Kare ya zo yana kaɗa wutsiya, ya lashe kaskon tas. Mai gida kuwa yana ganin ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, watau bai yi almubazzaranci da abinci ba, ya kuma ciyar da dabbar da ke tsare masa gida sa'ad da yake barci.

Niyyar mai kyau ce, babu shakka. Amma likitocin dabbobi, waɗanda ake kai wa karen bayan ya kwanta, sun daɗe da sanin cewa cututtuka da dama da ke kashe karnukan gida daga cikin wannan kasko suke fitowa. Daɗin daɗawa, wasu daga cikinsu ba a kan kare suke tsayawa ba, sukan bi ta jikinsa su komo kan mutanen gidan, musamman yara.

JIKIN KARE DABAN YAKE

Mutane da yawa sun ɗauka cewa cikin kare ba ya ƙin komai. Har ma in za a kwatanta munin zagi sai a ce ko kare ba zai ci ba. Gaskiyar maganar ita ce kare na iya haɗiye kusan komai, amma haɗiyewa daban, amfanin jiki daban.

Dubban shekarun da kare ya yi tare da ɗan Adam sun sa jikinsa ya saba da hatsi. A shekarar 2013 masu bincike na Jami'ar Ufsala da ke ƙasar Suwidin sun nuna cewa kare ya fi kyarkeci, wanda shi ne asalinsa, ƙarfin narkar da sitaci nesa ba kusa ba. Saboda haka tsurar tuwo ko dafaffiyar shinkafa ba su da wani laifi a gare shi. Inda matsala take shi ne abubuwan da ake haɗawa domin daɗin bakin mutum.

Dalilai biyu ne suka jawo haka. Na farko shi ne nauyi. Karen gida na ƙasar nan galibi bai wuce kilo 15 zuwa 20 ba, watau kwatankwacin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin babban mutum, don haka abin da yake ɗan kaɗan ga mai gida mai yawa ne a wurinsa. Na biyu kuwa, hanta da ƙoda da jinin kare ba sa sarrafa wasu sinadarai kamar yadda na mutum ke yi. Abin da jikin mutum zai fitar cikin 'yan sa'o'i, a jikin kare yakan zauna ya taru har ya zama guba.

ALBASA DA TAFARNUWA

Da wuya a sami tukunyar miya a ƙasar Hausa wadda babu albasa a cikinta, kuma ita ce abu na farko da ya kamata mai kare ya yi hattara da shi. Albasa da tafarnuwa da lawashi suna ɗauke da wasu sinadarai masu farar wuta a cikinsu, waɗanda ke lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ƙwayar da ta lalace takan yi wani ɗan ƙulli a jikinta, irin wanda wani likita Bajamushe mai suna Robert Heinz ya fara bayyanawa a shekarar 1890, sa'an nan ta fashe ko kuma saifa ta tsince ta ta kawar. In abin ya yi yawa sai jini ya ƙare wa kare alhali ko ɗigo ɗaya bai zuba ba.

Likitocin dabbobi sun ƙiyasta cewa albasar da ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin kare ta isa ta fara yi masa ɓarna. Ga kare mai kilo 15, wannan giram 75 ke nan, watau bai fi albasa ɗaya matsakaiciya ba. Dafuwa ko suya ko busarwa ba sa kashe wannan guba, garin albasa ma ya fi ɗanya ƙarfi tun da an fitar da ruwansa. Har ila yau ba lalle sai ya ci da yawa a zama ɗaya ba, ɗan kaɗan na kullum ma yana taruwa.

Abin da ke ruɗar jama'a shi ne alamun ba sa fitowa nan take. Sai bayan kwana biyu ko uku, wani lokaci ma fiye, za a ga kare ya yi laƙwas, yana haki in ya ɗan yi gudu, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja ko ya yi kalar shayi. A lokacin an riga an manta da miyar da ya sha, sai a fara zargin maƙwabta da cewa su ne suka sa masa guba.

GISHIRI DA KITSE DA ƘASHI

Bayan albasa sai gishiri da dunƙulen ɗanɗano, wanda shi ma yawancinsa gishiri ne. Gishirin da ya kai giram 2 zuwa 3 a kan kowane kilo na nauyin kare yana kawo amai da gudawa da makyarkyata, wanda ya kai giram 4 kuwa yana iya kashe shi. Ba kasafai ragowar miya ke kai wannan adadi ba, amma haɗarin na ƙaruwa ga karen da aka ɗaure a rana lokacin bazara ba tare da ruwa a kusa da shi ba, haka kuma ga tsohon kare mai ciwon zuciya ko na ƙoda.

Kitse da fatar kaza da man da ya kwanta a gindin tukunyar suya su ma abin gudu ne. Kusa da tumbin kare akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, wadda ke fitar da ruwan narkar da abinci. In kare ya ci maiƙo mai yawa bagatatan, wannan gaɓa takan kumbura, ruwan da take fitarwa ya koma yana cin ta da kanta. Karen yakan yi ta amai, ya ƙi abinci, ya gantsare baya saboda ciwon ciki. Lokutan bukukuwa, sa'ad da ake yawan soye-soye kuma kowa ke miƙa wa kare abin da ya rage, su ne lokutan da ya kamata a fi sa ido.

Shi kuwa ƙashi, kowa ya tashi da sanin cewa rabon kare ne. To, amma ƙashin da aka dafa ko aka soya yakan bushe ya yi gautsi, in kare ya tauna sai ya tsattsage ya zama tsinke. Ƙashin kaza da na zabo da ƙayar kifi sun fi kowanne muni. Wani yakan maƙale a tsakanin haƙora ko a maƙogwaro, wani ya huda hanji, wani kuma ya dunƙule ya toshe hanyar bayan gida. Hanjin da ya huje ba ya da magani sai tiyata, kuma kuɗin tiyata ɗaya ya ninka na abincin kare na watanni.

KAYAN ZAƘI DA GORO

A gidajen da yara ke wasa da kare akwai wani haɗari na dabam, domin yaro yakan so ya raba abin da yake ci da abokinsa. Cakulan na ɗauke da wani sinadari da ake kira tiyoburomin, wanda ke zaburar da zuciya da jijiyoyi. Jikin kare yakan ɗauki wajen sa'o'i 17 kafin ya fitar da rabin abin da ya shiga, watau ya fi na mutum jinkiri ƙwarai. Miligiram 20 a kan kowane kilo ya isa ya kawo amai da rashin natsuwa, 40 zuwa 50 ya hargitsa bugun zuciya, 60 kuwa ya kawo farfaɗiya. Baƙin cakulan ya fi mai madara ƙarfi, ta yadda wajen giram 60 nasa zai iya kwantar da kare mai kilo 15. Goro da gahawa da ganyen shayi suna ɗauke da kafin, wanda dangin wancan sinadari ne kuma aikinsu ɗaya a jikin kare, don haka bai kamata a bar su inda zai kai baki ba.

Akwai kuma wani abin zaƙi mai suna zailitol da ake sawa a cingam da alewa da man goge baki a maimakon sukari. Ga mutum ba shi da wata illa ta a zo a gani. Ga kare kuwa, yakan sa jiki ya saki insulin mai yawa, sukarin jini ya faɗi cikin rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya, kare ya yi tangaɗi ya faɗi. Kashi ɗaya cikin goma na giram a kan kowane kilo ya isa, watau 'yan ƙwayoyin cingam kaɗan. In ya fi haka yawa yakan lalata hanta.

Inabi da zabibi, irin wanda ake sawa a kek da burodi, su ma suna cikin wannan rukuni. Tun a shekarar 2001 likitocin dabbobi a Amurka suka ba da rahoton karnukan da ƙodarsu ta daina aiki bayan sun ci su, amma an shafe shekaru ashirin ana neman sinadarin da ke jawo haka. A shekarar 2021 aka fara danganta abin da wani tsami da ake kira tatarik, a 2022 kuma aka buga rahoton karnukan da suka kamu da irin wannan ciwon ƙoda bayan sun ci tsamiya, wadda ke cike da shi. Wannan ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, inda tsamiya ke shiga kunu da tuwo, kuma 'ya'yanta ke zuba a tsakar gida. Yawan da ke cutarwa ya bambanta daga kare zuwa kare, saboda haka mafi sauƙi shi ne a nisanta shi da ita, da kuma tsakin da aka tace aka zubar.

ABINCIN DA YA LALACE

Wata ɗabi'a da ta fi waɗannan yaɗuwa ita ce ba kare abin da mutum ya ƙi. Tuwon da ya kwana uku ya yi gashi, da garin da ya yi ɗoyi, da ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna, maimakon a zubar sai a ce a ba kare. A jikin gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba akwai wata fumfuna da ke fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke cin hanta, kuma wutar girki ba ta kashe ta.

An gano wannan guba ne bayan shekarar 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. Kare na cikin dabbobin da ba sa jure mata. A shekarar 2011 karnuka fiye da 200 suka mutu a lardin Gauteng na Afirka ta Kudu, a tsakanin ƙarshen 2020 da 2021 kuma fiye da 100 suka mutu a Amurka, dukkansu daga abincin kanti da ya gurɓata da wannan guba. Wannan ya nuna cewa ko abincin leda ba shi da tabbas in hatsin da aka yi shi da shi ya lalace, balle garin da kowa ya ga ya yi fumfuna. Alamun su ne ƙin abinci da amai da idanu da dasashi su yi rawaya.

Mai gidan da karensa ya nuna waɗannan alamu ya kamata ya leƙa rumbunsa, domin galibi daga buhu ɗaya ake ɗebo wa kare da iyali. A gabashin Kenya a shekarar 2004 mutane 317 suka kamu da wannan guba daga masara, 125 daga cikinsu suka rasu.

CUTAR DA KE KOMOWA GIDA

Duk abin da aka ambata ya zuwa yanzu a kan kare yake ƙarewa. Ɗanyen kayan ciki kuwa labarinsa daban ne. Ranar layya ko ranar suna, in mahauci ya ga hanta ko huhun rago da wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa, sai ya yanke wurin ya jefa wa kare. Haka ake yi a kwata da yawa, inda karnuka ke zaune suna jira. Waɗannan ƙulle-ƙulle jakunkuna ne masu ɗauke da dubban 'ya'yan wata ƙaramar tsila, wadda tsawonta bai wuce milimita 7 ba.

In kare ya ci, tsilar takan girma a hanjinsa cikin makonni shida ko bakwai, ta fara zuba ƙwai a kashinsa. Shi karen ba ya nuna alamar ciwo ko kaɗan. Ƙwayayen, waɗanda ido ba ya gani, sukan manne a gashinsa da bakinsa, su shiga ƙasa da ciyawa da ruwa da ganyen lambu. Tumaki da awaki da shanu da raƙuma suna ɗauka wurin kiwo. Mutum kuma yana ɗauka in ya shafa kare ya ci abinci bai wanke hannu ba, ko ya ci ganyen da ba a wanke ba. A jikin mutum ƙwan yakan tafi hanta ko huhu ya zama jakar ruwa da ke girma sannu a hankali shekara da shekaru, har ta kai girman lemo ko ta fi. Maganinta yakan kai ga tiyata, in kuwa ta fashe a ciki tana iya kisa. Hukumar Lafiya Ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane fiye da miliyan ɗaya ke ɗauke da cutar a kowane lokaci, kuma yankin Turkana na arewacin Kenya, ƙasar makiyaya, na cikin wuraren da ta fi tsanani.

Tarihi ya nuna ana iya kawar da ita. A ƙarni na 19 tsibirin Aisilan da ke arewacin Turai, inda jama'a ke kiwon tumaki tare da karnuka, ya yi fama da ita ƙwarai. A shekarar 1863 wani likita ɗan ƙasar Danmak mai suna Harald Krabbe ya binciki karnukan tsibirin, ya tabbatar da hanyar da cutar ke bi, aka kuma rarraba ɗan littafin da ya rubuta a gidaje yana yi wa manoma bayani. Dokoki suka biyo baya a kan hana karnuka kayan ciki da ba su maganin tsutsa. Babban birnin ƙasar har hana ajiye kare ya yi a 1924, bai sassauta ba sai a 1984. Cutar ta ɓace daga tsibirin. Ƙasar Niyu Zilan ta bi irin wannan hanya, ta kuma ba da sanarwar rabuwa da cutar a 2002. A duka wuraren biyu babban makamin shi ne hana kare ɗanyen kayan ciki.

Akwai misali na kusa da gida. Nijeriya ta taɓa samun masu kurkunu fiye da 650,000 a ƙidayar 1988 zuwa 1989. Bayan dogon yaƙi, wanda Janar Yakubu Gowon ya taka rawa a cikinsa, Hukumar Lafiya Ta Duniya ta ba ƙasar takardar shaidar rabuwa da cutar a 2013. Amma a maƙwabciyarta Cadi, a shekarar 2012 aka fara ganin kurkunu a jikin karnukan ƙauyukan masunta na bakin kogin Shari, kuma a 2019 adadinsu ya kusa 2,000. Masu bincike sun danganta abin da hanjin kifi da ake watsa wa karnuka lokacin kamun kifi. Matakan da aka ɗauka su ne binne hanjin kifi da ɗaure karnuka da sa magani a tafkuna, kuma adadin ya sauko zuwa ɗaruruwa a shekarun da suka biyo baya. Kare ɗaya mai kurkunu da ya shiga tafki zai iya mayar da cutar ga ƙauye guda, saboda haka masuntan yankin Tafkin Cadi na da dalilin lura da wannan darasi.

ABIN DA YA DACE DA KASKON KARE

Duk wannan ba ya nufin sai mai kare ya sayi abincin kanti, wanda ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. Dabara mafi sauƙi ita ce a ɗebi rabon kare tun kafin a sa kayan miya. Tsurar tuwo ko shinkafa ko dafaffen dankali, a haɗa da nama ko kifin da aka dafa aka cire ƙashi, ko dafaffen ƙwai, ko waken da ya nuna lugub, da ɗan kabewa ko karas, sun isa abinci. Kayan ciki masu lafiya ma abinci ne mai kyau da araha, muddin an tafasa su sun dahu har ciki. Waɗanda aka ga ƙulli a jikinsu kuwa sai a ƙone ko a binne da zurfi.

Tuwo kaɗai ba ya riƙe kare. A shekarun 1920 wani likita a Amurka mai suna Joseph Goldberger ya nuna cewa karnukan da aka ciyar da abincin da yawancinsa masara ce suna kamuwa da wata cuta da ke sa baki ya yi gyambo, harshe ya yi baƙi. A 1937 Conrad Elvehjem na Jami'ar Wiskonsin ya gano cewa rashin wani bitamin mai suna nayasin ne ke jawo ta, wanda ake samu a nama da hanta. 'Yan kwikwiyo da karya mai ciki ko mai shayarwa suna kuma buƙatar sinadarin gina ƙashi, kuma likita ne zai faɗi yawan da ya dace da su. Madara mai yawa takan sa manyan karnuka gudawa. Ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke dare da rana, a riƙa wanke kaskon kullum, a kuma ware shi daga kwanukan gida.

Karen da ya ƙoshi a gida ba ya yawon juji da kwata, inda zai kwaso tsila ko ya yi faɗa da mahaukacin kare. Duk da haka ya kamata a riƙa ba shi maganin tsutsa mai suna farazikwantel, wanda Hukumar Lafiya Ta Duniya ta ba da shawarar a bayar aƙalla sau huɗu a shekara a wuraren da cutar take, a kuma koya wa yara wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi.

IN ABIN YA FARU

Idan aka ga kare ya ci ɗaya daga cikin abubuwan da aka ambata, kada a jira sai ya kwanta. Sa'o'i biyun farko su ne mafi muhimmanci, domin a cikinsu likita na iya sa shi amai ya fitar da abin kafin ya shiga jini. A tafi da ledar ko ragowar abin da ya ci, a kuma faɗi lokacin da ya ci da yawansa. Ɗura wa kare manja ko madara, kamar yadda aka saba, ba ya karya guba, yana ma iya sarƙe shi ya shiga huhu. Ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai ƙarin guba ne a kan guba. Haka nan magungunan ciwon jiki na mutane, irin su ibufurofen da farasitamol, suna iya lalata masa ciki da ƙoda da hanta in ba likita ne ya auna ba.

Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a hedkwatocin jihohi, akwai kuma asibitocin koyarwa na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda ke can tun 1924. Ya kamata mai kare ya san wanda ya fi kusa da shi tun kafin buƙata ta taso, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Ra'ayin jama'a game da kare ya bambanta, amma malamai sun yarda da ajiye shi domin farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne. Wanda ya ɗaure dabba a gidansa, ya hana ta neman abincinta da kanta, hakkin ciyar da ita da abin da ba zai cutar da ita ba ya hau kansa. Aikin da ake nema bai wuce a tsame rabon kare kafin albasa ta shiga tukunya ba, a zubar da dafaffen ƙashi da abin da ya ruɓe inda ba zai kai ba, a kuma gaya wa mahauci ranar yanka cewa hanta mai ƙulli ta wuta ce ko ta rami.